Kakata Mai Gaida Sabulu

Ranar sadakar uku ta Kaka, wata maƙwabciyarmu a nan Bawku ta ja ni bayan murhu, ta rage murya, ta ce mutane fa suna magana. Wai gidan rasuwa ne amma fuskokinmu a sake, har an jiyo ƙanwar marigayiya tana dariya a cikin ɗaki. Na ce mata idonsu bai yi musu ƙarya ba, kunnensu ma haka. Mun yi kuka, ni dai har muryata ta dushe, amma a ƙarƙashin kukan akwai wani sanyi da muka daɗe ba mu ji irinsa ba, kamar an zare mana ƙaya daga tafin ƙafa. Ta yi mini kallon wadda ba ta gane ba, ni kuwa shinkafa tana kan wuta, ban tsaya yi mata bayani ba.

Masu gaisuwa sun zo ta ko'ina. Mutanen Salaga sun cika mota guda, 'yan kasuwar doya da matan tsohuwar unguwarmu, kowa da abin da ya tuna. Wata tsohuwa Bamoshiya mai sayar da albasa a bakin layinmu ta zauna a ƙofa tana share hawaye da gefen zane, tana faɗa wa duk wanda ya shigo da irin Hausarta, "Mma ya tafi ke nan. Shi ne ya ba ni sabulu na wanke jikana, ƙuraje duka ya mutu." Wani dattijo kuma daga zauren maza ya ɗaga murya ya ce marigayiya mace ce mai haƙuri, ba a taɓa jin kanta da kowa ba. Sai da na cije leɓe. Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma Kaka ba ta da haƙuri ko ƙanƙani. Tana da kyauta, tana da tsoron Allah, tana kuma da harshen da in ya sauka a kanka sai ka nemi wurin zama. Kuma an ji kanta da mutum ɗaya, ji mai tsanani, shekara da shekaru. In muka bari aka rufe wannan tare da ita, to wata mata muka binne, ba kakata ba. Shi ya sa na zauna nake rubuta abin da na sani.

Mahaifiyar babana ce. A hannunta na tashi a Salaga, a gidan da kakanninta fataken goro suka bari, gida mai rijiya a tsakarsa. Sana'arta sabulun salo, wanda mutanen kudu ke kira alata. Wurin mahaifiyarsu suka koya, ita da ƙanwarta guda ɗaya tak, wadda aure ya kai Yendi, mu jikoki muke ce mata Kakar Yendi. Na buɗe ido na ga toka jibge a bayan ɗaki, ta ɓawon kokon da ake cakulan da shi, wanda motocin da suka kai doya kudu ke dawo mata da shi. Ana zuba tokar a tukunya mai huda a gindi, a kwarara ruwa, ya riƙa ɗiga ja kamar shayi. Kaka takan dangwali ruwan tokar da kan yatsa ta ɗora a harshe, ta yamutsa fuska, ta ce ya yi ko bai yi ba. Daga nan sai man kaɗe da man alayyadi, sai tuƙi tun hantsi har rana ta karkata. Duk wanda ya zo mata da surutu a lokacin tuƙi, muciya take miƙa masa.

Amma abin da kowa ya san ta da shi shi ne gaisuwa. In sabulu ya huce, ba ta yarda ko curi ɗaya ya fita gidan sai ta gwada shi. Takan ɗebo ruwan rijiya a ƙwarya, ta narka ɗan gutsure a ciki, ta tsoma hannu, ta haɗa babban yatsa da manuni su yi zobe, ta ɗaga sama wajen haske. A cikin zoben sai ka ga wata 'yar siririyar yana ta ruwan sabulu ta tsaya tana ƙyalli. Sai Kaka ta gyara murya, ta fara gaishe ta kamar ta gamu da surukarta a hanya. Ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya yara, ya muka ji da zafi, ina labari. Ba ta sauri, ba ta tsallake ko ɗaya. In yanar ta tsaya har aka gama gaisuwa, sabulu ya yi. In ta fashe a tsakiya, tukunyar ta koma kan wuta.

"Sabulun da ba zai tsaya a gama gaisuwa ba," in ji ta, "ba shi da tarbiyya. Ba zai fita da sunana ba."

Ni a lokacin launukan ne suka ɗauke mini hankali. In ka zuba wa yanar ido za ka ga ruwan cikinta yana gangarawa a hankali, ƙasan yana yin kauri, saman yana sirancewa. Launuka su jeru a kwance, ja da kore da shuɗi da rawaya, suna bin juna zuwa ƙasa. Can sai saman ya yi fari kamar azurfa, daga nan wani baƙin tabo ya buɗe, ya yi ta faɗi, sai ka ji ɗan sanyi a yatsa, ta tafi. Kaka ta ce baƙin tabon nan shi ne ban kwana. Ta kuma ce in ruwan sabulun ya yi kauri, yanar ba ta sirancewa a tafi ɗaya. Sai ta sauka ta tsaya, ta sake sauka ta tsaya, tabo a cikin tabo, kowane ya fi na bayansa duhu, kamar tsohuwa tana sauka daga bayan babbar mota. Ni dai idona bai taɓa kama wannan ba sai da na girma na gan shi a ɗakin gwaji, ƙarƙashin fitila.

Duk macen da ta haihu a unguwa, curi guda yana isa ɗakinta kafin suna, ko da daga gidan da Kaka ke fushi da su take. Duk gidan da aka yi rasuwa, curi guda yana isa kafin a ɗora ruwan wanka. Ba ta aikawa da saƙon gaisuwa tare da shi, ba ta kuma son a zo godiya. Mai jegon da ta yi kuskuren zuwa sai ta sha faɗa a kan ta bar jariri ta fito yawo. Dalilinta shi ne sau biyu ake yi wa mutum wankan da ba shi da bakin cewa a canza masa sabulu, don haka a yi masa da mai kyau.

Kakar Yendi ce ke fitar mata da kaya. Sabulu ya bi mota ta Bimbilla zuwa Yendi, ta sayar da rabi a can, sauran ta ɗauka da kanta zuwa kasuwar Bawku, ta miƙa wa masu sari ta juyo. Haka suka yi shekaru ba wanda ya ji kansu. Sai wata shekara ƙorafi ya fara fitowa daga Bawku. Matan wata unguwa suka ce sabulun Salaga ya lalace, ba ya kumfa, sai wata farar dusa da ke tasowa a kan ruwa ta manne a jikin bokiti. Maganar ta bi bakin direbobi da 'yan albasa har ta shigo gidanmu. Kaka ta ɗauko ragowar wannan tukunyar ta gwada da ruwan rijiyarta, ta gaishe shi har da tambayar mutanen gida, yana tsaye daram. To tunda ya bar hannunta lafiya, ya isa Bawku ba lafiya, hannu ɗaya ne a tsakani. Ta yanke cewa ƙanwarta tana narka sabulun a Yendi, ta cuɗa shi da garin rogo ko yumɓu don ya yi auki.

Da ta kira ta ɗaki ta tambaye ta, da wataƙila ba ni da abin rubutawa yau. Amma Kaka ce. Ta jira ranar sunan ɗan kawuna, tsakar gida cike da mata daga Salaga har Kete Krachi. Ƙanwarta ta durƙusa tana gaishe ta, ita kuwa ta kau da kai, ta ce ba ta amsa gaisuwar mai algus. Ina wurin, ina 'yan mata a lokacin. Na ga Kakar Yendi ta miƙe a hankali, ta gyara mayafinta, ta ce, "Yaya, Allah ya gani." Ta fita ba ta taɓa abincin sunan ba. Daga ranar ba ta sake taka Salaga ba, ba ta sake taɓa sabulun salo ba, ta koma sayar da gishiri da kayan miya. Maganar kuma ta riga ta isa Yendi. Akwai matan da har tsufanta, in ta auna musu gishiri, sai sun leƙa gindin kwanon.

Ba wanda bai shiga tsakani ba, babana da kawunnaina da limamin unguwa. Kaka ta ce sai ƙanwar ta amsa laifinta tukuna. Kakar Yendi ta ce ba ta amsa abin da ba ta yi ba. Muka girma da kaka biyu, ba a ambaton ɗaya a gaban ɗaya. Bikina ma rabawa aka yi. Ɗaya ta yi nata a Salaga, ɗayar ta tare motar kai amarya a tashar Yendi, ta miƙo mini tukwane ta taga, ta sa mini albarka, ta juya.

Na yi karatu na zama malamar kimiyya, aure ya kawo ni Bawku. Kaka ta riga ta ce sabulunta ba zai sake shiga garin da aka ci mutuncinsa ba, don haka ko ni ba ta ba ni na tsaraba, a gidana da garin wanki na kanti nake komai. Amma duk hutun da na je Salaga sai mun yi musu a kan sabulu, ni da bayanin makaranta, ita da nata. Na gaya mata cewa kowane ɗan ƙwayar sabulu, wanda ido ba ya gani, yana da kai mai son ruwa da jela mai gudun ruwa. Su ne ke jeruwa a fuskoki biyu na yanar, kai a ciki, jela a waje, su riƙe ruwan a tsakani kada ya zube da sauri. In fuskar ta cika, waɗanda suka rasa wuri sai su dunƙule a cikin ruwan, su cusa jela a tsakiya, su bar kawuna a waje. Dunƙulen nan su ma sahu-sahu suke jeruwa a cikin yanar, kuma in tana sirancewa sahu ɗaya ne ke fita, sannan na bayansa, shi ya sa take sauka tana tsayawa. Kaka ta saurara tana taunar goro. Ta ce wato kamar damin albasa, ganye a ɗaure a tsakiya, kawuna a waje. Na ce haka ne. Ta ce to me ya hana ni faɗin haka tun farko, na tsaya ina wani kai da jela kamar mai tallan kifi. Zancen damin ya shige ta, har masu sari take gaya wa. Amma cewa launukan daga haske suke, ba daga man kaɗe ba, wannan har ta koma ga Allah ba ta yarda ba.

Da ƙafafunta suka gaza, guga ya fi ƙarfinta, 'ya'yanta suka ga ya fi ta zauna wurina, tunda asibiti yana kusa da mu. Ta zo da sabulun tukunyarta ta ƙarshe a kwando, rungume a kan cinya tun daga Salaga. Na tuna mata maganarta. Ta ce ai ba Bawku zai shiga ba, ɗakinta zai shiga.

Washegari da hantsi na ɗebo mata ruwa daga rijiyar burtsatse ta unguwarmu, wadda kowa ke ce wa bohol, na kai mata bayi. Shiru, shiru, ban ji zubar ruwa ba. Na leƙa, na same ta zaune a kan 'yar kujera da ɗaurin ƙirji, hannu a sama. Ta ce ina kwana, yanar ta fashe. Ta sake tsomawa, ta ƙara sabulu, ta ɗaga, ko "ina" ba ta gama faɗa ba ta fashe. A kan ruwan bokitin wata farar dusa tana yawo kamar madarar da ta tsinke. Sabulun nan da hannunta ta tuƙa shi, a kwandonta ya zo, a kan cinyarta ya yi tafiyar, ba wani hannun da ya taɓa shi.

Ta tambaye ni wane irin ruwa ne wannan. Na ɗauko butar shayinmu na nuna mata farin abin da ya daskare a gindinta. Na ce ruwan yana ɗauke da gishirin dutse irin na farar ƙasa, shi ke kama kawunan 'ya'yan sabulun ya mai da su wannan dusar, sai a rasa masu jeruwa su riƙe yanar, ruwa ya zube nan take. Ta ce yaushe aka haƙa rijiyar. Na ce ni dai na tarar da ita. Ta ce in nemo mata wadda ta daɗe a unguwar, na kira mata tsohuwar nan mai albasa. Matar ta ƙirga da haihuwar 'ya'yanta, ta ce shekarar da ta yaye autanta ce, kuma ba za ta manta ba, don a shekarar ne sabulun Salaga ya lalace har suka daina saye. Da zuciya ɗaya ta faɗa, ba ta san da wa take magana ba.

Kaka ba ta yi wanka ba ranar. Ta zauna a bakin gado har azahar. Ban taɓa ganin tsoro a fuskarta ba sai ranar, ni ma kuma na tsorata. Da ta buɗe baki, abin da ta ce shi ne, "Na ɗauki alhakin yarinyar nan. Da wane ido zan tsaya gaban Allah?" Yarinyar da take faɗa a lokacin ta aurar da jikoki.

Na ce ga waya, mu kira yanzu. Ta ce abin da ta faɗa a tsakar gida cike da mata, ba za ta janye shi a cikin ɗan ƙarfen da ake manna wa kunne ba. Gaskiyarta ce, amma akwai girman kai a ciki, na kuma gaya mata, ta ce in fita mata daga ɗaki. Abin da ta shirya shi ne jarka biyu. Ɗaya ta sa na cika da ruwan bohol, ɗaya da ruwan sama daga indararo. Za ta tafi da su Yendi, ta tara matan unguwar ƙanwarta, ta gwada a gabansu, sannan ta durƙusa. Mijina ya ce tunda yake bai taɓa ganin wanda ya ɗora ruwa a mota ya kai garin da ake ruwan sama ba. Ta ce to zai gani. Muna jiran ƙafarta ta yi sauƙi, hanya kuma ta lafa, don a lokacin ana rikici, ba kullum ake fita Bawku da kwanciyar hankali ba, sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya same ta wata safiya. Ya ɗauke hannun dama da ƙafa, ya ɗauke magana gaba ɗaya.

Sai na yi abin da ta hana, na kira Yendi. Na gaya wa Kakar Yendi komai, rijiyar da butar da tsohuwa mai albasa. Ta saurara har na gama, ta ce, "Yanzu kuma ruwa ne ya yi algus?" Ta ce ta ji, Allah ya ba Yaya lafiya, amma bakin da ya faɗa shi zai janye, ba bakin jika ba. Na ce bakin ya rufe. Ta ce ta san 'yar'uwarta, ba a yi ciwon da zai rufe mata baki har abada ba, in ya buɗe a kira ta. Na ji haushi har na yi jifa da wayar a kan gado, amma ban ga laifinta ba. Wanda aka ci wa mutunci a gaban jama'a, labarin ruwa a waya ba zai wanke shi ba.

Watannin da suka biyo baya su ne mafi nauyi a rayuwata. Kaka a kwance, ido biyu, hankalinta garau. In na shiga ɗakin sai ta ɗaga hannun hagu, ta haɗa yatsu biyu su yi zobe, ta dubi jarkokin, ta dube ni. Na taɓa gwada fitar da su don in share wurin, ta yi ta gurnani har na mai da su. Duk ruwan saman da aka yi sai na zubar da tsohon na tari sabo a gabanta, sannan take iya runtsawa. Ba ciwon ne ke cinta ba. Tsoronta kada ta mutu da alhakin nan a wuya, tsorona ni kuma kada in binne ta da shi. Kafin bakinta ya rufe ta taɓa ce mini in ta riga ƙanwarta tafiya, ita take so ta wanke ta, in ta yarda.

Kaka ta cika da safe, rana ta ɗan ɗago, ina ba ta koko a cokali. Na kira Yendi, jikan Kakar Yendi ya ɗauka. Na ji ya juya ya faɗa mata, ban ji amsarta ba, wayar ta katse. Maza suka ce a yi wanka a kai ta bayan azahar, tunda gaggautawa aka so. Na roƙi mijina da liman su ba ni zuwa la'asar, ban ma san ko akwai wanda nake jira ba. Matan unguwa masu wankan gawa suka zo suka zauna da likkafani a cinya suna kallona. Azahar ta wuce. Ni ina tsaye a ƙofa, duk abin hawan da ya shigo layin sai na leƙa. Can sai ga keke mai ƙafa uku ya tsaya, aka sauko da Kakar Yendi, taɓon hanyar Nakpanduri duk a gefen zanenta.

Ba ta gaida kowa ba. Ta tsaya a tsakar gida cike da mata, ta ce ta zo ne don ciki ɗaya suka fito, za ta tsaya har a ɗauke ta. Amma kada a ce ta yi wanka, hannun mai algus bai kamata ya taɓa gawa ba.

Na bar ta tsaye a wurin. Na shiga ɗaki na jawo jarkokin nan, na ɗauko ƙwarya biyu da curin ƙarshe da ya rage a kwando. Na zuba ruwan kowace jarka a ƙwaryarta, na gutsuri sabulun biyu a gaban idonta. Na ce, "Kaka, saƙonki ne. Ita ta so ta kawo miki har Yendi."

Ta dubi ƙoren. Sannan ta zauna a bakin tabarma, ta naɗe hannun riga. Shekarun nan duka ba ta taɓa sabulun salo ba, amma hannu bai manta ba. Ta narka a ruwan bohol, ta tsoma, ta yi zobe, ta ɗaga, kafin ta buɗe baki yanar ta fashe. Ta sake, ta fashe. Ta sa yatsa ta kwashi farar dusar da ta taso, ta murza, ta shinshina. Tsohuwa mai albasa ta matso tana kuka, ta ce, "Wallahi haka ya yi mana. Mu ne muka ce sabulu ya ɓaci. Ashe ruwa ne, Mma, ka yi haƙuri."

Kakar Yendi ba ta dube ta ba. Ta tsoma hannu a ƙwaryar ruwan sama, ta ɗaga. Yanar ta tsaya. Rana ta karkata, hasken ya ratsa ta, launukan suka jeru suna gangarawa a hankali. Matan tsakar gida suka matso. Na ɗauka za ta sauke hannu ke nan, sai na ji ta gyara murya.

"Yaya, ina wuni? Ina gajiya? Ya jiki? Ya gida, ya yara? Ya bayan rabuwa?"

Ba ta sauri, kuma bayan kowace tambaya tana barin wurin amsa. Saman yanar ya yi fari, baƙin tabon ya buɗe ya fara faɗi. Ta tallabe hannun da ɗayan.

"Na yafe miki, Yaya, duniya da lahira. Ke ma ki yafe mini, na daɗe ban zo ba."

Yanar ta ɗan ƙara tsayawa, sannan ta tafi. Na zauna a ƙasa inda nake, na yi kukan da tun safe ya ƙi zuwa, kuma kukan daɗi ne, ba zan ɓoye ba. Ita kuwa ta goge yatsu a zane, ta miƙe, ta ce a ɗora sauran ruwan saman a wuta ya ɗan yi ɗumi, Yaya ba ta son ruwan sanyi. Ita ta wanke ta, ni ina zuba ruwa, kumfa tana tashi fara tas. Aka kai ta bayan la'asar.

Dariyar da maƙwabta suka jiyo ranar uku kuwa, ga mafarinta. Da matan Salaga suka iso, waɗanda da yawansu suna tsakar gidan nan ranar suna, Kakar Yendi ta sa na sake kawo ƙoren aka gwada a gabansu, kowace ta gani da idonta. Bayan sun fita nake ba ta labarin musun da muka yi ta yi da Kaka a kan launuka. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce ai Yaya ce da gaskiya, kowa ya san daga man kaɗe suke, wa ya koya mini wannan shirmen. Na fashe da dariya, ita ma ta fashe, muka yi ta yi har hawaye suka dawo.

Allah ka ga matar da ta wanke jarirai da matattun unguwa ba ta nemi godiya ba, ka wanke ta kai ma. Harshenta ka san shi, ka kuma san watannin da ta yi tana neman janye abin da ya faɗa. Wadda aka zalunta ta yafe a gaban shaidu, muna roƙon ka cika mata sauran, ka sanyaya mata makwanci.

Kakar Yendi ta koma gida bayan sadakar bakwai. Ta tafi da ragowar curin a ƙulle a bakin mayafi, ta kuma ce a cika mata jarka ɗaya da ruwan bohol, akwai matan da za ta tara a Yendi. Mijina ne da kansa ya ɗaure mata jarkar a saman mota.